Birnin da Launi ke Jin Kunyar Hannu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ƙaya, ya ba ɗan Adam hannu. Bayan haka, ni ce Barira 'yar Gagarau magini, mutuniyar Tudun Makuba da ke bayan kogi bakwai. Na yi tafiya, na ga abin gani, na dawo da raina. Ku gyara zama ku ji yadda na tafi neman ilimi da hannuna na dama, da yadda saura kaɗan in baro shi can.

Sana'ata zanen bango. Da jar ƙasa da farar ƙasa da shuni da gawayi nake yi wa ɗakunan mutane ado, shekara talatin cur. Ba ni da gona, ba ni da garke. Hannun nan kaɗai na mallaka, kuma hannu ne mai gaskiya: inda idona ya duba, nan yake sauka. Abu ɗaya ne ya dame ni. Duk zanen da na yi da rani, damina na zuwa sai ta wanke shi, kamar aiko ta aka yi musamman saboda ni.

Wata rana wani falken gishiri ya tarar da ni ina kallon bangon da ruwa ya ɓata. Ya ce mini can gabas, a cikin Dutsen Zarmandu, akwai birnin da ake zane da haske. Launinsu ba ya ƙarewa, ruwa ba ya wanke shi. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Ya ce a'a, kakansa ne ya je. Ban tambaye shi shekara nawa da zuwan kakan ba. Wannan tambaya ɗaya da ban yi ba, ita ta jawo duk abin da za ku ji.

Na yi wata biyar a hanya. Na ratsa Filin Madubi, inda ƙasa ke ƙyalli har matafiyi ya riƙa ganin tafin ƙafarsa kafin ya taka. Na isa Kogin Talata, wanda ba ya gudu sai ranar Talata, na kuwa iso shi ranar Laraba. Masu gaggawa suka shiga taɓo suka maƙale har ƙugu. Ni na shimfiɗa zanena a gindin wata bishiya, na yi kwana shida ina ɗinke jakata. Ranar Talata na shiga kwalekwale, na wuce su ina yi musu sannu da aiki.

Kogin nan shi ya kai ni Zarmandu. Na ga ya nufi dutsen gadan-gadan, kafin in ce wani abu ya kurɗa wani kogo, ya gangara da ni wata irin gangara da ba a hawa ta, ya tofar da ni cikin wani tafki. Da na ɗago kai, sai na manta da ruwan da na sha.

Birni ne guda a cikin dutse, rana ba ta leƙa shi. A tsakiyarsa akwai wani dogon ginshiƙi, a kansa Babbar Fitila, a gefenta wani Ido na gilashi. Duk bangon garin fari ne fat, ba ɗigon launi. Fitilar ce ke watso hotuna a kai: ga gonakin dawa suna kaɗawa, ga teku, ga garken barewa yana ratsa bangon gida ɗaya ya shiga na maƙwabci.

Wadda ta tsamo ni daga tafkin wata dattijuwa ce mai suna Kandala, Uwar Zanen birnin, wato shugabar makarantar masu zane. Ta miƙo hannu za ta kama nawa, sai ta kamo iska a gefena. Ta sake miƙowa, ta kamo gefen mayafina. Na lura kwallinta ba a ido yake ba, layi biyu ne a kusa da kunnenta na dama. Na ɗauka adon garin ne.

"Sannu da zuwa, 'yar nan," in ji ta. "Rabon da kogi ya kawo mana baƙo shekara goma sha ɗaya. Na ƙarshe ma jaki ne."

"Inna, ta ina ake fita?"

"Ji ta! Ko bushewa ba ki yi ba."

A gidanta ta ajiye ƙoƙo a kan wani faffaɗan faranti, ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa a gefen ƙoƙon, sa'annan ta ba ni farantin na sha. Ta kawo tuwon wata farar doya da ke tsirowa a duhu, ta ajiye wani ɗan itace mai siffar rago kusa da akushin. Nan take haske ya lulluɓe tuwon da soyayyen nama har yana tururi. Na kai loma. Doya ce.

Washegari ta kai ni makaranta, taku goma daga gindin ginshiƙin. A nan na ga abin da na zo nema, kuma ba zan rage masa daraja ba. Alƙalaminsu sanda ce kawai mai farin kai. Ƙoren launinsu babu komai a ciki sai haske, wannan ja, wannan shuɗi, wannan ruwan ɗorawa. Ka tsoma sandar a ƙwarya, Ido ya gani daga sama, ka ja ta a bango, Fitila ta zuba launin. Ka danna, layin ya yi kauri. Ka goga tsumma, ya goge. Akwai wani babban kasko cike da yashi. In ka tara yashin da hannu sai ya zama tudu mai ciyawa, in ka haƙa rami sai ruwa ya cika shi, har da kifi. In kuma ka shiga ɗakin da ke gefe, sai ka tarar da kanka tsaye a kan wannan tudun da ka tara, ruwan yana gudu a ƙarƙashin ƙafarka bai jiƙa ka ba. Na tsaya hawaye na zubo mini.

Kandala ta ba ni sanda. Na tsoma a shuɗi, na ɗora a bango. Launin bai fito a bakin sandar ba. Ya fito a hagu da ita, nisan taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu. Na sake. Taƙi ɗaya a hagu. Na sake har sau goma, domin ni ba na yanke hukunci da gwaji ɗaya.

"Inna, launin ba ya sauka inda na sa."

"Haka yake. Kunya yake ji," in ji ta. "Launi yana yi wa hannu kara, ba ya zama inda hannu ya zauna. Ke ce za ki koyi ladabi, ki riƙa kai hannu dama da inda kike so."

"Tun asali haka yake?"

"Tun shekarar da ƙasa ta yi girgiza, zamanin kakata. Kafin nan, an ce launi fitsararre ne."

Na ɗaga kai na dubi ginshiƙin. Wanda ya girma a gidan magini ba ya buƙatar igiya kafin ya gane abin da ya karkace. Sai na faɗa da ƙarfi, a gaban ɗalibai sittin: "Ai Fitilar ce ta karkace. Ido na duban nan, ita tana duban can. Mutum ɗaya ya hau ya tura ta kaɗan, shi ke nan."

Sanduna suka zube ƙasa. Wata mata ta toshe kunne, ko in ce ta toshe kunne ɗaya, ɗaya hannun ya wuce.

Kafin azahar ina durƙushe gaban Sarkin Fitila Tunau, wani ƙosasshen mutum sanye da farar riga da haske ya yi wa aska takwas.

"Baiwar Allah, ke ce kika ce Fitila ta karkace?"

"Ranka ya daɗe, kaɗan ne. Bai kai faɗin yatsa ba a can sama."

"Shekara saba'in malamai suna karantar da kunyar launi. Akwai littafi goma sha biyu a kanta, uku ni na rubuta. Kina nufin duk a kan faɗin yatsa muka rubuta su?"

"Ranka ya daɗe, ban karanta su ba."

"Ya nuna." Ya juya ga fadawansa. "Ba mugunta gare ta ba, hannunta ne ba shi da tarbiyya. A ɗaura mata sandar ladabi, shekara ɗaya."

Sandar ladabi wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake ɗaurewa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, yana jan hannun dama. Da shi ake horar da kowane ɗalibi. Na tambayi Kandala ko hannu na komawa daidai in an cire.

"Ya koma ina? Ai ya warke ke nan har abada," in ji ta. "Dube ni."

Na dube ta. Tana ƙoƙarin sosa hancinta.

Tun daga ranar ba ni da tunanin da ya wuce in fita kafin hannun nan ya lalace. Da ya kwana goma a ƙarfe, na gwada zura zare a allura, sai da na yi sau huɗu. Da ya kwana ashirin, na kai loma ta taɓa kumatuna. Ɗalibai suka yi mini guɗa, wai na fara wayewa.

Na tambayi Kandala labarin ƙofar gari. Ta kai ni bangon birni, mai nisa daga ginshiƙi, ta nuna mini daga bayan igiyar dogarai. Ƙofa ce mai ƙusoshin tagulla da zakoki biyu, hoton haske, aikin magabata.

"A da nan ake fita," in ji ta. "Shekarar girgiza ta rufe. Aka tura, aka daka, ta zama dutse. Zunubin mutane ne. Tun daga nan aka hana kowa taɓa bangon birni, domin Ido na ɗaukar tafin hannu tamkar alƙalami, sai ya ɓata zanen magabata. Sau ɗaya a shekara Sarkin Fitila ke ƙwanƙwasa ta da sandar da aka naɗe da baƙin ƙyalle, ko za ta buɗe."

"In ba ta buɗe ba fa?"

"Sai ya ce da saura. Mu koma gida mu ci tuwo. Biki ne mai daɗi, saura kwana goma sha biyu."

"Inna, launi ya fara kunya shekarar girgiza. Ƙofa ta rufe shekarar girgiza. Ba wanda ya taɓa haɗa biyun?"

"An haɗa mana. Shekara ce mai yawan zunubi."

Na warware zare daga gefen zanena, na fara awo da hannun hagu, wanda ba a yi wa tarbiyya ba. A makaranta, taku goma daga ginshiƙi, launi na kaucewa taƙi ɗaya. A taku ashirin, taƙi biyu. A kasuwa, taku ɗari, taƙi goma. Mutanen garin sun san da haka sarai, har waƙa suke koya wa yara, wai launi ya fi jin kunya in ya yi nisa da uwarsa. Na taka daga ginshiƙi zuwa bangon birni sau uku a rana uku. Taku ɗari shida. Ashe hoton ƙofar ne ya gusa hagu taƙi sittin, ƙofar kuwa tana nan inda maginanta suka bar ta, a shafe da farar ƙasa, an lulluɓe ta da hoton bango.

Na tufka igiya mai taƙi sittin, na faɗa wa Kandala komai. Ta dubi igiyar, ta ce:

"In ƙarya ne, za a ƙara miki shekara biyu."

"In gaskiya ne fa?"

"In gaskiya ne ya fi muni, 'yar nan. Kakana a gindin hoton nan ya mutu yana tura dutse." Ta numfasa. "Kawo bakin igiyar. Ni ke tsayawa daf da ƙofa ranar biki, haƙƙin Uwar Zane ne. Zan taka ta da ƙafa, kar ki ba ni a hannu."

Ranar biki da hantsi, duk birnin ya taru gaban hoton, dogarai ma can suka tattara. Ni na bi gefen bango zuwa dama ina sakin igiya har ta ƙare. A gabana babu komai sai hoton tubali da wani ƙadangaren haske. Na ji ganga ta tsaya. Na ji sandar Sarkin Fitila, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na yi bisimilla na ɗora tafin hagu a bangon da aka hana taɓawa.

Ido ya gan ni, ya gaya wa Fitila, Fitila kuwa ta yi abin da ta saba. Ta zana tafin hannuna taƙi sittin a hagu, a tsakiyar hoton ƙofar, daidai hancin Sarkin Fitila.

Jama'a suka ɗauki kabbara. Na shafa sama, hannun haske ya shafa sama. Na laluba gefe, shi ma ya laluba. Mutum dubu bakwai suna kallon laifina ƙuru-ƙuru, ba wanda ya waiwayo ya ga mai laifin.

"Magabata sun amsa!" in ji Sarkin Fitila. "Na faɗa a littafi na biyu! Ku durƙusa!"

Suka durƙusa. Ni kuwa yatsuna suka faɗa wani tsagi a ƙarƙashin farar ƙasa. Na bi shi, na ji sanyin ƙarfe. Sakata ce, ta ci tsatsar shekara saba'in. Na ja, ta ƙi. Na cusa bakin sandar ladabi a bayanta, na jingina da duk nauyina. Igiyoyin da suka ɗaure ta a hannuna suka tsinke, sakatar ta yi ƙara ta zame. Wannan ne amfani na farko da aka taɓa samu daga ƙarfen nan.

Na sa kafaɗa na tura. Rana ta faɗo cikin Zarmandu kamar an ɓalle madatsar ruwa. Duk inda ta taɓa, hoto ya dushe. Zakokin nan biyu suka koɗe, askar rigar Sarki ta ɓace, aka bar shi da farar riga kamar kowa. Iska ta shigo da ƙanshin ciyawa. Na juya na ɗaga murya: "Jama'a, ga ƙofa!"

Suka kare idanu. Wasu suka fara kuka. Sarkin Fitila ya nuna ni da sandarsa, ko in ce ya nuna wani bawan Allah da ke gefe.

"Ke baƙuwa! Rufe ramin nan, kina ɓata mana Ƙofa!"

Sai taron ya ɗauka baki ɗaya: "A rufe! A rufe!"

Kandala ce kaɗai ta biyo igiyar har inda nake. Ta tsaya a bakin ƙofar tana ƙifta ido, tana kallon wata bishiyar gawo da ke tsaye a waje.

"Wa ya zana wannan?"

"Ba wanda ya zana ta, Inna."

"Shi ya sa. Reshen hagu ya yi yawa." Ta yi dariya, hawaye na bin fuskarta.

"Zo mu tafi."

"In je in yi me? A nan ni ce Uwar Zane. A can tsohuwa ce da ba ta iya zuba ruwa a ƙoƙo. Tafi, 'yar nan, dogarai sun taso. Zan ce ni na kore ki, su ƙara mini girma."

Na fita. Ta kai hannu za ta ja ƙofar, ta kamo iska. Sai ni na tura mata ita daga waje.

Na yi wata shida kafin in ga Tudun Makuba. Hasken bai biyo ni ba, domin Fitila ba ta shiga jaka. Amma na dawo da hannuna, kuma kullum a hanya ina horar da shi da allura har ya dawo. Ya dawo duka, sai faɗin yatsa ɗaya. Kwana talatin da biyu a ƙarfe ba su tafi a banza ba.

Aikin farko da na samu, zauren Sarkin Kasuwa ne. Na ja layin gawayi, na zo cika shi da shuni, sai shunin ya zauna faɗin yatsa a dama da layin, ko'ina, daidai wa daida. Na tsaya ina kallo, zuciyata ta yi baƙi, na ɗauki tsumma zan goge. Sarkin Kasuwa ya shigo ya riƙe baki.

"Barira, kar ki taɓa! Wannan shi ne zanen gabas ɗin?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Ji tawali'u! Shekara guda tana neman ilimi, ta ce kuskure ne."

Kafin damina, duk matan da ke zane a garin sun koma kauce wa layi. Na bi su gida-gida ina rantsuwa cewa hannuna ne ya samu rauni. Suka ce rowar ilimi nake yi. Yanzu an fara gardama a kan ko faɗin yatsa ɗaya ne daidai ko biyu, har an rabu gida biyu ba a gaisawa. Shekaranjiya maƙerin unguwarmu ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce mata uku sun aiko shi. Wai in taimaka in kwatanta masa yadda lanƙwasar ƙarfen nan take.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na ƙara, Allah ya yafe mini. Abin da na rage, na bar shi a cikin dutse.